Ramuka Shida da Maficin Uwarku

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kunne shekara arba'in da ɗaya, ya karɓi abinsa, bai kuma bar ni haka nan ba.

Ƴar'uwarku Hadiza ta kawo mini kaye da bik, littafi da abin rubutu ke nan, ta ce in rubuta abin da na tuna. To ga shi ina rubutawa, da hannun mutumin da ya yi aji uku a lekol, makarantar boko, ya gudu, in kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri. Ba zan fara da haihuwata ba, ko yadda muka baro Maradi muka sauka Yamai, wannan duk kun sha ji. Zan fara da ƙaryar da kuke yi a kaina. E, ƙarya na ce. Ranar sunan ɗan Sani ina zaune ina kallon bakinsa yana gaya wa abokansa wai babansa kurma ne amma da ƙashinsa yake jin kiɗa, wai baiwa ce. A unguwa ma akwai masu cewa iskoki ke raɗa mini. Iskokin wa? Ni Lawali ban taɓa ganin iska ba sai wadda ke ɗauke kwanon rufi. Abin da ya mayar da ni fili ramuka shida ne a tsakar gidanmu na Bukoki, da maficin kaba na uwarku, Allah ya jiƙanta. Kuma akwai abin da ya salwanta a kan haka, wanda kuke ɗora wa kawunku Malam Issa laifinsa alhali ba nasa ba ne.

Ku da ba wanda ya ɗauki gula a cikinku, sandar kiɗa nake nufi, bari in yi muku bayani. Gidanmu makaɗan mahauta ne tun kakanni. Muna da take guda da ba a kaɗa wa kowa sai Sarkin Fawa, kuma mutum biyu ke yin sa. Mai kuntuku, ƴar ƙaramar gangar nan, yana riƙe bugu biyu, ba ƙari ba ragi. Mai kalangu kuma yana taka bugu uku a kan biyun nan cikin lokaci guda, da wani ɗan bugu ƙarami a ƙarshe da muke kira wutsiya. Sau ɗaya suke haɗuwa, a farkon zagaye, sai kowa ya kama hanyarsa, sai su sake haɗuwa. A wurin haɗuwar nan mahauci ke dire ƙafa, kuma daɗin taken duk yana cikin rabuwar da haɗuwar. Ni ban taɓa ƙirga shi ba. Ubana bai taɓa ce mini uku ko biyu ba, in na kuskure dai gula nake ji a ƙeya. Abu ɗaya ya faɗa mini da baki: in kana kaɗa wa Sarki takensa, idonka a kansa yake tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya kau da kai ya zage shi a gaban mutanensa.

Bayan rasuwar tsoho, ubana ke nan, ni na riƙe kalangu, ƙanena Shaibu ya riƙe kuntuku. Ba yabon kai ba, daga Bukoki har Kalle in mahauci ya ji hannuna daga nesa sai ya ajiye wuƙa ya fito.

Uwarku kuwa ɗiyar malamai ce daga Tawa. Ubanta ya rasu tana ƙarama, wanta Malam Issa ya riƙe ta a gidansa na Dar Salam. Da na je neman aurenta sai da ya wahalar da ni wata takwas, daga ƙarshe ya ce ya ba ni, da sharaɗi ɗaya: ƙafarta ba za ta taka filin kiɗa ba. Na ɗora hannu a ƙirji na yi alkawari. Shekara goma sha bakwai muna tare ba ta taɓa ganin ina kiɗa a fili ba. Da safe ta ɗauki robar dambunta ta tafi bakin kasuwa a Kalle, da la'asar ta dawo. In muna gwaji ni da Shaibu a zaure tana ciki tana daka, ko kallonmu ba ta yi. Na ɗauka ba ruwanta da abin da muke yi.

Sai bazarar nan ta zo, wadda sanƙarau ya shiga unguwa. Ni dai na san na kwanta da ciwon kai, na farka a gadon likita bayan kwanaki, na ga bakin mutane yana motsi ba abin da ke fitowa. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu ya bar mini ɗan kaɗan: in mutum ya sa bakinsa dab da shi ya ɗaga murya, ina ji kamar daga cikin rijiya. Kiɗa kuwa ya zama ƙugi ɗaya, ba na raba kuntuku da ƙarar babur. Nawa kalangun ina jin sa a haƙarƙari, amma na Shaibu ko alama.

Ban yarda ba. Wata biyu da sallamata aka yi suna gidan wani mahauci, na rataya kalangu na ce mu je. Shaibu ya ɗauki kuntuku ya biyo ni. Ana cikin sha'ani sai ga tsohon Sarkin Fawa ya shigo, dole a yi masa take. Na ce a raina ai abu mai sauƙi ne, in kalli hannun Shaibu in bi. Na juya na kafa wa hannunsa ido. Kai, jama'a! Ashe hannu bawan ido ne. Ina ganin hannunsa na sauka biyu, nawa ya bar ukunsa ya bi shi. Muka zama makaɗa biyu masu bugu ɗaya, taken ya mutu. Na ga mahauta sun tsaya da ƙafa a sama suna duban juna. Ga shi kuma na juya wa Sarki ƙeya a gaban jama'a. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai ɗaga hannu ya yi magana, Shaibu ya matso kunnena.

"Yaya, ya ce a kai ka gida ka huta."

Da ma ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Na dawo na rataye kalangu a bayan ƙofa na rufe shi da tsohon bargo. Daga nan na zama ɗan dara. Kullum ina gindin bedi a ƙofar gida muna haƙa ramuka a ƙasa, wannan da duwatsu wancan da karare, don dara ba ta neman kunne. In abokan wasa suka watse sai in shigo tsakar gida in haƙa nawa ramukan in yi ta wasa ni kaɗai. Ba na magana, ba na dariya, ku kanku in kun gan ni sai ku lallaɓa ku wuce. Wata biyar ina haka.

Bayan damina tsohon Sarkin Fawa ya rasu, mahauta suka zaɓi ɗansa Alhaji Garba, aka sa naɗi kwana sittin. Shaibu ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya matso.

"Yaya, dole a yi take ranar naɗi. Zan ɗauki kalangun. Na sami wani Bazabarme zai riƙe mini kuntuku."

"Kalangun wa?"

"Na tsoho."

"Ina raye?"

"To ya za mu yi, Yaya? In ba mu yi ba masu lasifika za su ɗauko, shi ke nan gidanmu ya fita."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na kore shi. Na san in kalangun nan ya fita daga ɗakina a kafaɗar wani, ba zai dawo ba, ni kuma na gama zama makaɗi har in mutu.

Washegari da safe ina tsakar gida gaban ramukana, sai na ga uwarku ta ajiye robar dambu ta zo ta tsuguna a gabana, ita a inuwar katanga ni a rana. Ta sa hannu ta share wasana. Ta bar layi biyu, kowane da rami shida. A layi ɗaya ta sa dutse a ramin farko, ta tsallake ɗaya ta sa dutse, ta tsallake ɗaya ta sa dutse, ta jefa ƴar tsakuwa a na ƙarshe. A ɗaya layin ta sa kara a ramin farko da na huɗu. Sannan ta miƙo wuya zuwa kunnena.

"Duwatsun naka ne, Maigida. Karan na Shaibu ne. Tsakuwar ita ce wutsiya."

"Wace irin dara ce wannan?"

"Taken ubanka ne."

Na yi dariyar farko a wata biyar, ta raini. Na ce ɗiyar malamai me ta sani a taken mahauta? Ba ta kula ni ba. Ta ɗauki tsinke ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan dutse ta bugi gwiwata, in ta zo kan kara ta bugi tata. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Tsikar jikina ta tashi. Wallahi shi ne. Ga haɗuwa a ramin farko, ga inda Shaibu ke faɗowa tsakanin dutsena na biyu da na uku. Abin da na yi shekara talatin ina kaɗawa ban taɓa ganin sa ba sai ranar.

"A ina kika samo wannan?"

"Shekara sha bakwai ina daka a kan kiɗanku. Kana tsammanin taɓarya kurma ce?"

Ta ce dalilin da hannuna ke bin na Shaibu shi ne ban san inda nawa bugun ke zaune ba, kunne ne ya sani, kunne kuma ya tafi. Sai ido ya koya daga farko. Ta ɗauki robarta ta yi kasuwa.

To a nan ne girman kai ya kayar da ni. Na ce ba wanda zai ga Lawali yana koyon kiɗa kamar sabon shiga, ko ita. Sai gida ya watse nake fitowa, in ɗora matashin kai a cinya in yi ta bugunsa da gula don kada maƙwabta su ji. Rana kuwa ta dame ni a inda na zauna ranar farko, sai na koma inuwar katanga, wurin da ita ta tsuguna. Kwana goma ina bi daga hagu zuwa dama, idona na tafiya a kan ramuka, ƙafata na taka wurin kara. Hannuna ya yi ta gaya mini akwai abin da ba daidai ba, amma na daina yarda da hannuna tun ranar sunan nan. Ran na sha ɗaya na aika aka kira Shaibu, na sauko da kalangu, na ce ya saurara. Na yi zagaye huɗu ina hura hanci. Da na ɗago sai na ga Shaibu ya dafe baki, kafaɗunsa na rawa. Uwarku tana bakin madafa ta saki ludayi.

"Yaya," in ji Shaibu a kunnena, hawayen dariya a idonsa, "wannan ai taken tsoho ne yana tafiya da baya. Wutsiya ta riga kai fita."

Uwarku ta zo ta tsaya a kaina ta dubi inda nake zaune, ta dubi ramukan.

"Daga ina kake farawa?"

Na nuna hagu.

"Innalillahi! Wa ke fara abu daga hagu?"

"Kowa! Haka mushe, malaminmu, ya koya mana a lekol."

"To ni a allo na yi karatu, daga dama muke farawa."

Kun gane abin da ya faru? Ranar da ta nuna mini muna fuskantar juna ne, damarta ita ce haguna, kowa ya ga daidai da karatunsa. Da na koma wurin zamanta sai na ci gaba da farawa daga hagu, na haddace taken ubana daga wutsiya zuwa kai. Kwana goma sun tafi a banza, saura ƙasa da hamsin. Na yi fushi na ce laifin allo ne, ta ce laifin wanda ya gudu daga aji uku ne. Ta ɗauko murfin kwalba ja ta dasa a gefen ramin farko, ta ce ko jaki ya ga wannan ya san nan ne kai. Shaibu ya daina dariya. Da zai tafi ya ce zai jira ni har saura kwana bakwai, in ban tsaya ba zai ɗauki kalangu, kuma kada in ce ya ci amanata. Na ce na yarda.

Daga ranar na ajiye kunya. Uwarku ta rage zaman kasuwa, da azahar take dawowa. Da farko tana bin ramuka da tsinke ina bugawa a hankali, kamar mai koyon tafiya. Da ido ya riƙe sai ta share ramukan ta ce in gan su a kaina. Sannan Shaibu ya riƙa zuwa yana zama a bayana inda ba na ganin sa, ita kuma ta tsaya a gabana da mafici, tana jin kuntukunsa tana mayar mini da shi: bugun farko mafici ya yi dama, na biyu ya yi hagu. Sau nawa hannuna ya gudu ya bi maficin? Allah kaɗai ya sani. In na faɗa cikin biyu sai ta ƙwala mini maficin a ka, daidai inda tsoho ke sa gula. Yatsuna suka fashe, ita kuma hannunta ya kumbura har sai ta gasa shi da ruwan zafi. Wata ranar Laraba na yi zagaye arba'in ban kuskure ba. Na juya na ga Shaibu ya kifa kai a kan kuntuku yana kuka.

Sai dai saura babbar matsala. A fili ba zan kalli Shaibu ba, ba zan kalli kowa ba sai Sarki. Uwarku ce ta kawo maganar, kuma kun san gidanmu tun da na kurmance ba shi da sirri, duk abin da za a gaya mini sai gidan haya gaba ɗaya ya ji.

"Mata a bayan kujerar Sarki suke tsayawa, ko ba haka ba? In na tsaya saitin kafaɗarsa ina fifita, wa zai ce ba zafi nake ji ba?"

"Alkawarin fa?"

"Kai ka ɗauka. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Kwana biyu maganar ta isa Dar Salam. Malam Issa ya zo da kansa, ya zauna a kan tabarma ya ƙi shan ruwa. Mutum ne mai sanyin magana, bai saba ɗaga murya ba, amma ranar dole ya sa baki a kunnen makaɗi ya yi ihu. Na ga abin ya yi masa nauyi.

"Lawali, ka tuna abin da ka ce mini?"

"Na tuna, Malam."

"Na san halin da kake ciki, ba na murna da shi. Ni ba zan je ba, ba zan tambaya ba. In ta ɓuya cikin mata ta yi fifitarta ta dawo, ban ji ba ban gani ba. Amma in aka nuna ta da yatsa aka ce ga ɗiyar Malam a filin kalangu, ƙafata ta bar gidan nan."

Ku dubi wannan magana da kyau, ku da kuke cewa kawunku mugu ne. Mutumin nan ƙofa ya bar mana. Ni kuwa a lokacin ina iya cewa ta zauna a gida, in miƙa wa Shaibu kalangu, in cika alkawarina. Na dubi bargon da ke bayan ƙofa. Son kiɗa ya fi ƙarfina, ban hana ta ba.

Ranar naɗi aka kafa rumfuna aka tare titi, mahautan Yamai kaf sun zo, har da na ƙauyuka. Bayan la'asar aka naɗa wa Alhaji Garba rawani ya zauna. Na shiga fili da kalangun tsoho, Shaibu a bayana. Na ga bakuna suna motsi, na san abin da suke cewa: ga kurman nan ya dawo ya sake ba da mu. Na ɗaga ido saitin kafaɗar Sarki ta dama, sai ga ta can cikin mata ta ja mayafi har goshi. Ta ɗinke bakin maficin da farin ƙyalle don in hango shi daga nesa. Mafici ya yi dama, ya yi hagu. Na bari ya zagaya sau biyu, na ga jan murfin kwalba a raina, na sauke gula.

Kiɗa ya zauna. Tun bugun farko na ji a haƙarƙarina ya zauna. Na ga wani tsohon mahauci ya miƙe ya dire ƙafa daidai kan haɗuwa, na biyu ya bi shi, kafin zagaye goma fili ya cika, ƙura ta tashi. Nan ne abin da ba mu yi lissafi ba ya faru. Da kiɗa ya yi daɗi sai dangin Sarki maza suka taso suka yi masa rumfa ta baya, manyan riguna, kowa ya ɗaga salula yana ɗauka. Suka rufe mata. Farin ƙyalle ya ɓace.

Na ci gaba da ramukan da ke kaina, dutse, tsallake, dutse, tsallake, dutse, wutsiya. Amma na san kaina, in ba mai riƙe ni sauri nake yi. Zagaye uku, huɗu, na ga ƙafar wani mai rawa ta fara saɓa wa hannuna. Zufa ta shiga idona. Wuyana yana so ya juya wajen Shaibu, na ce ko zan mutu ba zan juya ba.

Sai na ga mafici ya fito sama da kawunan mutane. Uwarku ce ta hau kan benci. Mayafin ya zame ya faɗi kafaɗa, ba ta gyara ba. Ta ɗaga hannu sama gaba ɗaya, ba fifita ba ce kuma, kowa ya ga kiɗa take ba ni. Dama, hagu. Dama, hagu. Na ga mata sun ja baya suna nuna ta, na ga ta gan su, hannunta bai tsaya ba. Na ja gula kaɗan na jira ta, muka haɗu a ramin farko. Daga nan har aka gama ban sake kuskure ko ɗaya ba. Na matse kalangu ya yi magana yadda bai taɓa yi ba ko a hannun tsoho, ina faɗa ne ba don nawa ba ne, ku tambayi Shaibu yana nan da rai. Sarki da kansa ya miƙe da sabon rawaninsa ya taka.

Kafin magariba labari ya kai Dar Salam. Malam Issa ya cika maganarsa, ni ne ban cika tawa ba. Shekara goma sha ɗaya bai taka gidanmu ba. Bai zo auren Hadiza ba. Kowace salla uwarku ta dafa abin da yake so ta aika, a dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi, ta karɓa ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Shi ne uban da ta sani. Ba ta taɓa ce mini kai ka ja ba, ni kuma ban taɓa iya ce mata ki yafe ni ba sai da ta kwanta ciwon ajali. A ciwon nan ne ya zo, ya zauna a bakin gadonta suka yi kuka tare. Don haka in kun gamu da shi ku durƙusa ku gaishe shi da kyau, ku bar ɗaure masa fuska.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara ina kiɗa bayan naɗin nan, kuma ba filin da na shiga ba ta tsaya a gabana ba. Tun da an riga an gan ta, ta ce ɓuyan me kuma. Mahauta suka riƙa ajiye mata benci. Da ta rasu na miƙa wa Shaibu kalangu da hannuna, kuka ce tsufa ne ko baƙin ciki. Ba haka ba ne, hannuna har yau lafiya lau. Mai riƙe mini biyu ce babu. Maficin yana cikin akwatina, duk wanda ya ɗauke shi ya hura gawayi ban yafe ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar naɗin, da na gama na ajiye gula, Sarkin Fawa ya yafito ni. Na durƙusa a gabansa, ya cire babbar rigarsa ta sama ya yafa mini, ya kamo kaina ya sa bakinsa a kunnena na hagu.

"Lawali, na ga makaɗa a rayuwata. Amma tun da nake ba wanda ya taɓa kallona kamar yadda ka kalle ni yau. Ko ƙiftawa ba ka yi ba."

Na ce Allah ya ja zamanin Sarki. Har ya koma ga Allah yana ba da labarin nan a cikin mahauta, ban taɓa gyara masa ba. Amma ku ƴaƴana ne, ku san gaskiya. Ni ko launin rawaninsa ban gani ba ranar nan. Uwarku nake kallo.